Wai taurari sun ce iko zai bar hannun hukumomi ya koma hannun mutane: me ke cikin maganar Fuluto da burujin Dalwu?

Tun daga ƙarshen 2024, duk mai leƙa TikTok ko YouTube ko X ɓangaren Turawa da wuya bai ci karo da wata magana da ake ta yawo da ita ba, wai duniya ta shiga sabon zamani, wai taurari sun nuna iko zai zame daga hannun gwamnatoci da bankuna da manyan gidajen jarida ya dawo hannun ɗaiɗaikun mutane, kuma fasahar zamani ce za ta yi aikin. Ranar da suke kafa hujja da ita ita ce 19 ga Nuwamba 2024, wadda a lissafinsu Fuluto, wata 'yar ƙaramar duniya mai nisa, ya shiga burujin Aquarius, wato Dalwu, zai zauna har wajen 2044. Maganar ta Amurka da Turai ce, can aka fi yinta, amma tunda waya ba ta san iyakar ƙasa ba ta iso mana, galibi ta bakin masu tallan kirifto. Shi ya sa mutane suka rikice, wani ya ɗauka sakamakon binciken NASA ne, wani ya ɗauka cikin alamomin tashin duniya ne, wani kuma ya ce shirka ce kawai ya wuce bai tsaya ya ji ba.

Abu uku ne aka cakuɗa wuri ɗaya. Akwai abin da yake faruwa a sama da gaske, akwai fassarar da aka ɗora masa, sannan akwai tambayar ko fasaha tana raba iko ɗin kuwa. Sai an warware su ɗaya bayan ɗaya kafin a gane inda kowa ya dosa.

Kalmomin da ake ta jefowa

Na farko dai ilimin falaki daban, duban taurari daban. Mai falaki aikinsa awo da lissafi, yaushe wata zai tsaya, yaushe za a yi husufi, ina tauraro kaza zai kasance ranar kaza. Mai duba kuwa, wanda littattafan Larabci ke kira munajjimi, shi ne yake ɗaukar wancan lissafin ya ce ga abin da yake nufi a rayuwar mutane. Duban ma iri biyu ne, akwai na mutum ɗaya da ake yi da ranar haihuwarsa, akwai na duniya baki ɗaya wanda yake magana kan ƙasashe da yaƙi da farashi da sauyin mulki. Wannan na biyun shi ne batunmu.

Buruji shi ne gida-gida da aka yanka hanyar da rana take bi a sama cikin shekara, gida 12, kowanne digiri 30. Wanda ya yi karatun zaure ya san sunayensu, Hamal, Saur, Jauza'u, har zuwa Jadyu da Dalwu da Hutu. Jadyu, wato ɗan akuya, shi ne Capricorn na Turawa, Dalwu kuma, wato guga, shi ne Aquarius ɗin da ake ta magana. An raba burujan nan 12 kan ɗabi'u huɗu, wuta da ƙasa da iska da ruwa, kuma duk da sunansa guga, Dalwu a gidan iska aka ajiye shi. A wajen masu duba Jadyu yana nufin hukuma, tsari, dattawa, banki, fada. Dalwu kuma yana nufin jama'a, ƙungiya, ƙirƙira, tawaye da saƙar da ke haɗa mutane. Fuluto kuwa suna cewa shi ne mai tono abin da aka binne, ya rusa ya sake ginawa, kuma shi ke wakiltar iko. To ka ga yadda aka haɗa jimlar kenan, iko ya bar gidan hukuma ya koma gidan jama'a.

Shi kansa Fuluto wata 'yar ƙaramar duniya ce da ko girman watanmu ba ta kai ba, nisansa ya haura kilomita biliyan 5, ba a ganinsa da ido sai da babban madubin hangen nesa, kuma yana ɗaukar shekara 248 kafin ya zagaye rana sau ɗaya. Idan aka ce ya shiga buruji ba wani wuri ya shiga ba, daga inda muke tsaye ne ake ganinsa ta saitin wannan yankin na sama. Kuma dalilin da ya sa za ka ji ranaku daban-daban, wani ya ce 23 ga Maris 2023 wani ya ce Janairun 2024 wani ya ce Nuwamba, shi ne duniyarmu ta fi shi gudu, duk shekara sai ta zo ta wuce shi, sai a ga kamar yana komawa baya, kamar dai yadda in motarku tana wuce tirela a hanyar Kano zuwa Zariya za ka ga kamar tirelar baya take yi alhali gaba take tafiya. Haka ya yi ta shiga Dalwu yana fita har ya zauna a Nuwamban 2024.

Maganar ba sabuwa ba ce, daga Bagadaza ta bi

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne wannan salon na haɗa motsin taurari da sauyin mulki ba 'yan TikTok suka ƙirƙiro shi ba. Tushensa na Farisawan kafin Musulunci ne, amma a Bagadaza zamanin Abbasiyawa ya samu tsari. Lokacin da Halifa Mansur zai kafa birnin a 762, masu duban fadarsa irin su Naubakht da Masha'allahu ne suka zaɓar masa lokacin aza harsashi. Bayansu Abu Ma'ashar al-Balkhi, wanda ya rasu a 886, ya rubuta littafi sukutum kan haɗuwar Zuhal da Mushtari, wato Saturn da Jupiter na Turawa, manyan taurari biyu mafiya jinkirin tafiya da mutanen wancan zamani suka sani. Mushtari yana zagaye cikin kusan shekara 12, Zuhal kusan 30, don haka duk bayan wajen shekara 20 sai su haɗu. A tsarin Abu Ma'ashar akwai ƙaramar haɗuwa ta shekara 20, da matsakaiciya ta shekara 240 lokacin da haɗuwar take barin wata ɗabi'a ta koma wata, da babba ta shekara 960, kuma gwargwadon girman haɗuwa gwargwadon girman sauyin da suke jingina mata, daga ɓullar ɗan tawaye har zuwa faɗuwar daula. An fassara aikinsa zuwa Latin a ƙarni na 12, ta nan ya shiga Turai.

Mu ma ba baƙon ilimin ba ne. Muhammadu al-Katsinawi, malamin lissafi ɗan ƙasar Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan taurari da hatimai na lissafi da har yau ake ambatonsa.

Wannan tsohon lissafin ne aka farfaɗo da shi a Disambar 2020. Ranar 21 ga wata, wanda ya ɗaga kai bayan magariba ya kalli yamma ya ga taurari biyu sun matso juna har kamar ɗaya ne, ɗaya mai haske sosai ɗaya dushi-dushi a gefensa, kafin isha'i ta yi nisa sun faɗi. Mushtari da Zuhal kenan, kuma rabon da su kusanci juna haka tun 1623. Wannan kam gaskiya ne, kowa ya gani. Abin da masu duba suka ƙara shi ne haɗuwar ta faɗo a daidai farkon Dalwu, kuma tun farkon ƙarni na 19 yawancin haɗuwar a burujan ƙasa take faruwa, yanzu ta koma na iska na wajen shekara 200 masu zuwa. Sai suka ce zamanin ƙasa shi ne na masana'anta da ma'adinai da fili da kuɗin takarda, zamanin iska kuma na bayanai ne da tunani da abin da ba a taɓawa da hannu.

Hujjojin da suke kawowa

In za a yi musu adalci, jerin da suke kawowa yana da jan hankali. Fuluto ya shiga Jadyu a 2008, a shekarar ce bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba tattalin arzikin duniya ya girgiza, kuma ranar 31 ga Oktoban shekarar wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da takardar da ta haifi Bitcoin, kuɗin da ba ya buƙatar banki a tsakani. A cikin shekaru 16 ɗin aka yi juyin ƙasashen Larabawa na 2011, Edward Snowden ya fallasa leƙen asirin gwamnatin Amurka a 2013, aka yi ta tonon silili. Suka ce wannan shi ne rushe gidan hukuma. Sannan ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI), ya fito 30 ga Nuwamba 2022, GPT-4 ya biyo baya 14 ga Maris 2023, kwana tara kacal kafin shigar Fuluto Dalwu ta farko. Suka koma baya suka ce zuwan da ya yi Dalwu na ƙarshe, daga wajen 1778 zuwa 1798, a ciki aka yi juyin juya halin Faransa na 1789 da tawayen bayi na Haiti da ya fara a 1791, na kafin nan kuma, wajen 1532 zuwa 1553, shi ne lokacin da Sarkin Ingila ya ɓalle daga Fafaroma kuma Copernicus ya fito da maganar cewa duniya ce ke zagaya rana.

Suna kuma yawan ambaton André Barbault, wani mai duba ɗan Faransa da ya rasu a 2019, wanda tun 2011 ya rubuta cewa akwai yiwuwar annoba a wajajen 2020. Wannan ita ce hujjar da suka fi tinƙaho da ita.

Su ma bakinsu bai zo ɗaya ba

Nan ne wanda yake jin maganar daga gajeren bidiyo ba ya samun cikakken labari. A tsohon tsari mai gidan Dalwu shi ne Zuhal, tauraron takura da iyaka da doka. Sai bayan da William Herschel ya gano duniyar Yuranus a 1781 ne masu duban zamani suka miƙa masa gidan suka ce shi ne tauraron 'yanci da bazata da lantarki. Don haka yau akwai masu bin Yuranus da suke cewa zamanin 'yancin ɗaiɗaiku ne ya zo, akwai kuma masu bin Zuhal da suke cewa a'a, Dalwu tsari ne mai sanyi da ba ya duban fuskar kowa, abin da ke tafe mulkin na'ura ne da sa ido da 'yan tsirarun masu fasaha. Suna ma tuna wa 'yan uwansu cewa juyin Faransa ɗin da ake yabo ya bi ta kan yanka mutane na 1793 da 1794 ya ƙare a hannun Napoleon a 1799.

Sai kuma rigimar lissafi. Saboda wani layi da duniya take yi a hankali kamar katantanwa in ta kusa faɗuwa, wanda yake ɗaukar kusan shekara 26,000 kafin ya kewayo, burujan da Turawa ke amfani da su sun goce daga ainihin taurarin da kusan digiri 24, kusan gida guda kenan. Masu duban Indiya suna gyara wannan gocewar, kuma a nasu lissafin Fuluto yana cikin Jadyu har yanzu, sai wajen 2040 zai shiga Dalwu, ballantana ma tsohon tsarinsu bai san da Fuluto ba kwata-kwata. Mai falaki ma in ya saita madubinsa a cikin taurarin Jadyu zai same shi.

Akwai kuma ɓangare na uku, masu bin tunanin masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung, da suke cewa su ba su ce tauraro ne yake jawo komai ba, agogo ne kawai, agogo ba shi ke kawo azahar ba amma yana nuna ta.

Abin da masu kimiyya suke cewa

Babbar sukarsu ba wai zagi ba ce, tambaya ce guda, wane abu ne in ya faru za ku yarda kun yi kuskure? In mutane suka samu 'yanci an ce Yuranus ne, in aka danne su an ce Zuhal ne, to hasashen da ya rufe ƙofa biyun duka ba abin da ya faɗa maka game da gobe.

Na biyu shi ne tsince-tsince. Shekara 20 lokaci ne mai tsawo, ba wata shekara 20 a tarihi da za ka rasa juyi ko ƙirƙira a cikinta. Shelar 'yancin Amurka ta 1776 da ake yawan jefawa cikin lissafin, Fuluto yana Jadyu aka yi ta. Martin Luther ya ta da rigimarsa da coci a 1517, shi ma a Jadyu. Jihadin Shehu Usmanu na 1804, juyin Rasha na 1917, samun 'yancin ƙasashen Afirka a 1960, faɗuwar katangar Berlin a 1989 da ƙirƙirar yanar gizo da Tim Berners-Lee ya fara a shekarar, babu ɗaya da ya faɗo lokacin Fuluto yana Dalwu. Kuma da intanet ta bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990 an ce ai Yuranus ne yake Dalwu, da Facebook da Twitter suka zo an ce ai duniyar Neftun ce take can, kusan kullum akwai wanda za a nuna. Hasashen Barbault ma ana tuna shi ne saboda ya dace, ba a lissafa tarin masu duban da suka yi wa 2020 albishir ɗin alheri.

Na uku, ma'anar Fuluto daga ina ta fito? Clyde Tombaugh ne ya gano shi a 1930 a jihar Arizona, wata yarinya 'yar shekara 11 a Ingila ta ba da shawarar a sa masa sunan gunkin Rumawa na lahira, daga sunan ne aka ɗauko fassarar mutuwa da ɓoyayyen iko. Tun da aka gano shi ko zagaye ɗaya bai kammala ba, sai 2178, ma'ana kafin wannan karon ba wani mai duba da ya taɓa ganin shigarsa Dalwu ya gwada, duk abin da ake faɗa kan 1789 waiwaye ne. A 2006 ma ƙungiyar masana falaki ta duniya ta sauke shi daga jerin manyan duniyoyi.

An taɓa yin gwaji kai tsaye. A 1985 mujallar Nature ta buga binciken Shawn Carlson inda aka ba ƙwararrun masu duba taswirar haihuwar mutum, wato zanen inda taurari suke lokacin da aka haife shi, da bayanin halayya guda uku su zaɓi nasa, suka dace kusan sau ɗaya cikin uku, daidai da wanda ya yi canke. Masu duba sun soki yadda aka tsara gwajin, kuma gaskiya ne duban mutum ɗaya aka gwada ba na duniya ba, amma har yau ba a samu gwajin da ya tabbatar da nasu ɓangaren ba.

Matsayin malaman Musulunci

Malamai sun daɗe da raba ilimin taurari gida biyu. Akwai na tafiyarsu, wanda ake gane alƙibla da lokutan salla da shigowar damina da shi, irin yadda manomi yake lura da Kaza da 'Ya'yanta, wannan ba laifi. Akwai na tasiri, wato jingina abin da ke faruwa a ƙasa ga tauraro, wannan shi ne aka hana. Hujjar da aka fi kawowa ita ce hadisin Zaidu bin Khalid a Bukhari da Muslim kan ruwan da aka yi a Hudaibiyya da masu cewa tauraro kaza ne ya ba su ruwa, da hadisin Ibn Abbas a Abu Dawuda da ya haɗa koyon duban taurari da sihiri, da kuma abin da Annabi (SAW) ya faɗa ranar rasuwar ɗansa Ibrahim cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ibn Khaldun ma a Muƙaddima ya kawo lissafin haɗuwar Zuhal da Mushtari dalla-dalla, sannan ya ware babi guda ya rushe sana'ar, da hujjar addini da ta hankali.

To ikon ya koma hannun mutane kuwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma ba a buƙatar tauraro kafin a amsa ta. Amsar ita ce wani ɓangare ya koma, ba ƙarya ba ne. Yaro a ɗakinsa da waya ɗaya yana iya tara masu kallon da suka fi na gidan talabijin ɗin jiha. A Kenya matasa sun haɗu ta TikTok da X a Yunin 2024 har Shugaba Ruto ya janye dokar haraji. A Nepal gwamnati ta rufe kafafen sada zumunta a Satumbar 2025, cikin 'yan kwanaki firaminista ya sauka. A gida kuma lokacin EndSARS a Oktoban 2020, da aka toshe hanyoyin karɓar gudummawa ta banki sai masu shirya abin suka koma karɓar Bitcoin.

Amma a duba abin da ya biyo baya. A Nuwamban 2020 Babban Bankin Najeriya ya samu umarnin kotu ya rufe asusu 20 na masu alaƙa da zanga-zangar. Ranar 5 ga Fabrairu 2021 ya hana bankuna hulɗa da kirifto, sai Disambar 2023 ya sassauta. A Yunin 2021 aka rufe Twitter wata bakwai, ba a buɗe ba sai da kamfanin ya amince da sharuɗɗan gwamnati. A Satumbar 2021 aka kashe sabis ɗin waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, mutum sai ya yi tafiya zuwa wata jihar kafin ya kira ɗan uwansa ko ya ga alat. Wayar tana hannunka, amma turken sabis ɗin ba naka ba ne.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna fuskokin biyu a lokaci guda. Mutane sun yi sammako tun asuba suna layi a bakin ATM su dawo hannu rabbana, mai POS yana yankar kaso mai tsoka kafin ya ba ka kuɗinka, sai ga mai shayi da mai kayan miya sun rubuta lambar asusu a jikin kwali sun rataye, ka sha shayi ka yi tiransifa ka nuna masa waya ya jira alat. Mutanen da ba su taɓa taka ƙofar banki ba suka buɗe asusu a OPay da Moniepoint da PalmPay cikin minti kaɗan. Wannan sauƙi ne na gaske. Sai dai cinikin da jiya ake yi hannu da hannu ba wanda ya sani, yau yana rubuce a rumbun wani kamfani, haɗe da BVN da NIN da lambar wayarka, kuma a Afrilun 2024 da Babban Banki ya ce waɗannan kamfanonin su dakata da ɗaukar sabbin kwastomomi, dakatawa suka yi har sai da ya ba su izini.

A can sama ma haka abin yake. Kamfanoni uku, Amazon da Microsoft da Google, su ke riƙe da sama da rabin kasuwar rumbunan da manhajojin duniya suke zaune a kai. Ƙirƙirarriyar basirar da ake cewa ta ba kowa malami a aljihu, gina ta yana cin biliyoyin daloli, 'yan kamfanoni ƙalilan ne ke iyawa. Bitcoin ɗin da aka ƙirƙira don a tsallake banki, a Janairun 2024 Amurka ta ba manyan kamfanonin zuba jari irin su BlackRock izinin sayar da hannun jarinsa, yanzu suna cikin manyan masu riƙe da shi. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da 'yan kasuwa a ƙasashe da dama suka tsaya cak. Abin da hujjojin suka fi nunawa shi ne iko ya ragu a hannun tsofaffin masu tsaron ƙofa, edita da manajan banki da mai gidan rediyo, kaɗan ya sauko ga mutane, mai yawa kuma ya koma hannun masu dandali da gwamnatocin da suka iya amfani da bayanai. Wannan ya fi kusa da maganar masu bin Zuhal, amma masana tattalin arziki da na shari'a sun faɗe shi tun kafin 2023 ba tare da taswirar sama ba.

Me ya sa maganar take karɓuwa, kuma ina ta shafi talaka

Binciken cibiyar Pew da aka fitar a 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari na manyan Amurkawa sun yarda da duban taurari. Mutanen da suka daina yarda da banki da jarida da 'yan siyasa suna neman wanda zai ce musu rikicin nan yana da ma'ana kuma yana da ranar ƙarewa, duba kuma yana ba su duka biyun har da kwanan wata. Wani abin lura, ita kanta sana'ar duban fasaha ta canza ta, a da sai ka je wajen mai duba ko ka jira shafin jarida, yanzu manhaja irin Co-Star da ta fito a 2017 ita ke zana maka taswira cikin daƙiƙa ta riƙa turo maka saƙo kullum, wato ita ma ta bar hannun ɗaiɗaikun masu duba ta koma hannun kamfani.

Inda abin yake taɓa aljihu shi ne lokacin da aka ɗauki wannan labarin aka yi tallan jari da shi. Kalmomin kusan iri ɗaya ne kullum, zamanin banki ya ƙare, wanda ya shiga da wuri shi ne zai ci, kar a bar ka a baya. Wanda ya ga yadda matasa suka kwana suna danna waya a mainin ɗin wasan kirifto na Hamster Kombat a 2024 suna jiran ta fashe, da abin da ya fito musu a ƙarshen Satumba, ko yadda manhajar zuba jari ta CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, ya san ba sai an kawo tauraro ba ma ana samun masu faɗawa, in aka ƙara da cewa sama ce ta ƙaddara sai mutum ya daina tambayar wa ke riƙe da kuɗin, wace hukuma ta yi musu rajista, in suka gudu wa zan kama. A Najeriya dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC, don haka akwai inda za a duba rajistar dandali kafin a tura ko sisi.

Akwai kuma tasirin da ba na kuɗi ba. Wanda ya yarda cewa lokaci ne da kansa zai kawo sauyi yana iya ganin ba sai ya damu da dokar kare bayanai ko ta rufe intanet ko sharuɗɗan da yake danna amincewa bai karanta ba, alhali a nan ne ake yanke wa zai riƙe me. A ɗaya gefen kuma, masu kare duban suna cewa yana ba mutane ƙwarin gwiwar tsayawa da ƙafarsu su koyi sana'ar zamani, kuma ba za a musa cewa wasu sun samu hakan ba.

Sai abu na kusa da ya kamata mai sha'awar gwada manhajojin nan ya sani. Kafin su zana maka komai sai sun tambayi sunanka da ranar haihuwarka da garin da aka haife ka da sa'ar da aka haife ka, wasu har su nemi izinin shiga lambobin da ke wayarka don su haɗa ka da abokai. Ranar haihuwa da cikakken suna da lambar waya suna cikin abubuwan da banki yake tambaya kafin ya tabbatar kai ne mai asusu, kuma su ne ɗan damfara yake fara nema in ya kira ka yana cewa daga banki yake.